Bakwai ɗin da Ya'ƙub Ya Ba Ni

Rubuta, Mardiya jikata. Fara da sunansa, Ya'ƙub Abu Muhammadu, tunda shi ne mai tafiya, shi kuma za a yi wa walima. Dattawan Hausawan Ainu Shams, unguwarmu nan Masar, sun ce ba wanda ya san shi kamar ni, don haka ni zan faɗi tarihinsa, a karanta ranar Juma'a, kafin jirgi ya kwashe shi zuwa Kanada wurin ɗansa. To zan faɗa. Amma yadda ya fito daga bakina haka za ki sa, amaryata, kar ki yi mini gyaran 'yan jami'a.

A Mai Wurno aka haife mu, can Sudan, a bakin kogi. Na girme shi da damina guda, ko da yake shi yana cewa wata huɗu ne. Rana ɗaya aka kai mu gaban malam. Ni ban gama sanin baƙaƙe ba mahaifina ya cire ni ya haɗa ni da dabbobi, shi kuwa aka bar shi a inuwa yana karatu. Tun daga nan abin ya fara. Duk inda muka nufa, ni ke fara isa, shi ke samun wurin zama.

Masar ma ni na riga shi. Da raƙuma na shigo, na zauna a kasuwar Imbaba, da aka mayar da ita Birƙash na bi ta can. Shekara talatin da 'yan kai aikina ke nan. A kawo raƙumi, in zagaya shi sau ɗaya, in ɗaga leɓensa, in taɓa tozo, in ce wannan na nama ne, wannan zai yi aiki, wannan kuwa ruwa aka ɗura masa don ya cika ido. Fataken Kurdufan ba sa sakin igiya sai na iso. Ki sa wannan da kyau, za a neme shi a gaba.

Shi sai bayan shekara shida ya iso, da jaka ɗaya da tari. A ɗakina ya sauka, tabarmata muka raba. Ni na kai shi unguwar Dokki wurin wani mai gadin bene ɗan garinmu, aka samo masa aikin dafa shayi a ofishin wani kamfani. Wata uku ya iya gaisuwar Turanci. Shekara guda ya iya tuƙi. Kafin in farga ana ce masa Usta Ya'ƙub, wato gwanin direba, yana sa farar riga mai guga, ni kuwa in na shiga mikrobas mutane na matsawa saboda warin raƙumi.

Bakhita ma, matarsa, ni na fara ganinta. Ban iya wasiƙa ba, na ce ya rubuta mini, ya rubuta, ya kai mata. Bayan Sallah aka ɗaura musu aure. Shi dai har yau rantsuwa yake sunana ya sa a ƙasan takardar, ita kuwa ta ce karatunta bai kai ƙasa ba. Ya wuce. Kakarki ta fi ta iya miya, Allah Ya jiƙanta. Wannan ki rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Cikin mutanen da ya tuƙa, wanda ya fi daɗewa da shi wani Bajapane ne, injiniya, siriri, mai yawan sunkuyawa. A ƙasarsu akwai wani wasa da ake ce wa besbol, mu muka sa masa ƙwallon kulki. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da kulki ya ruga, ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo gida. In ya kai duka sau uku bai samu ba, ya koma ya zauna. Bajapanen nan yana da wasan a kwamfuta, amma ba irin na yaran nan masu danne-danne ba. Kai ne mai ƙungiya. Kai za ka zaɓi mutanenka, ka jera su, ka ce wane ya fara, wane ya jira, injin ya buga wasan ya gaya maka yadda aka tashi. Kowane ɗan wasa da makinsa, na ƙarfin duka, na gudu, na hannu. In cunkoso ya riƙe su a kan gada, Bajapanen na baya da injin a cinya, Ya'ƙub na gaba yana tambaya ta madubi. Haka ya koya.

A shekarar da aka yi juyin juya halin nan, dubu biyu da sha ɗaya, kamfanin ya kwashe mutanensa. A filin jirgi Bajapanen ya sunkuya sau uku ya miƙa wa Ya'ƙub kwamfutar. Ni na yi wa fatake aiki shekara talatin, abin da aka taɓa bar mini shi ne igiya.

Aiki ya ƙare masa, ni ma gwiwa ta riga ta zaunar da ni. Sai ya kai injin bayan shagon Hasan mai guga, nan ƙasan gidansu, ya kafa tebur. Talata da Juma'a, daga la'asar zuwa kiran magariba. Mu takwas, kowa da ƙungiyarsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ana wasan nan da idonsa. Ba caca ba ce, ko kofin shayi ba a sawa. Tunda injin Turanci yake yi, Ya'ƙub ya riƙa kwafe kowane ɗan wasa a kati. Bakhita ke yanka masa katunan daga kwalin ganyen shayi, shi ya rubuta suna da boko kamar yadda yake a injin, ya jera maki da lambar Larabci irin ta jikin bas. In an fara wasa kuwa sai ya riƙa fassarawa da Hausa kamar mai rediyo, har masu kawo guga su tsaya da kayansu a hannu.

Ni ban san baƙi ba, kowa ya sani, amma lamba na san ta. Ɗaya sanda ce. Biyar zobe. Bakwai ta buɗe baki sama kamar ƙahon sa, takwas kuwa jinkar ɗaki ce, ƙafafu a ƙasa. Sau ɗaya tak lamba ta taɓa kunyata ni, a asibitin ido, ranar da Ya'ƙub ya raka ni a duba yanar da ta fara rufe mini na hagu, kuma wannan laifin alƙalamin mai rubutun ne. Bar shi, za mu zo wurin.

Wurin zamana hannun damansa ne, kafaɗa da kafaɗa. Yana raɗa mini sunayen, ina riƙe katuna. A lokacin mudun da ake auna 'yan wasa daga ɗaya ne zuwa biyar, yadda Bajapanen ya bar shi. Sauran mutane su ga biyar su wawura. Ni kuwa sai in ce, shekarunsa nawa? Ya taɓa karyewa? Wa ya sake shi, kuma don me? Yadda ake yi wa raƙumi. Ƙungiyata Raƙuman Birƙash ita ta ci kofin farko, ta ci na biyu. Kofin kuwa tsohuwar butar shayi ce da Hasan ya goge da toka, amma shi ne abu na farko a rayuwata da na riƙe Ya'ƙub yana kallo hannu wofi.

Sai Abdulbasit ya zo. Mutumin Gusau ne, yana karatun hadisi mai zurfi, ya kama ɗaki a saman shagon shi da iyalinsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi, ba ya wuce ni bai rusuna ba. Ladabin ne ma ya fi ba ni haushi, don ba inda za ka kama shi. Ya karɓi ƙungiyar wani da ya koma Kassala, kuma yana jin Turanci fiye da Ya'ƙub. Tun ina jin suna dariya kan abin da ke rubuce a injin ina tambaya me aka ce, har na daina tambaya.

A farkon bazarar sha uku injin ya mutu. Abdulbasit ya ɗauke shi kwana tara ya dawo da shi da rai, amma duk abin da ke ciki ya goge, har da kofunana biyu. Dole a fara daga tushe. Ranar da na shigo sai na tarar da shi a kan kujerata.

Ya ce, “Na yau kawai, Baba Ishaq. Sai ina ganin fuskar injin.”

Na dubi Ya'ƙub. Ya'ƙub na goge tabarau. Hagunsa kwandon gugar Hasan ne, ba wuri. Na zagaya na zauna a ɗaya gefen teburin, ina kallon bayan kwamfuta kamar baƙo.

Abin da injin ya fara tambaya shi ne da wane mudu za a auna 'yan wasa. Ashe mudun ba ɗaya ba ne. Akwai ɗaya zuwa biyar, akwai ɗaya zuwa goma, akwai ɗaya zuwa ɗari, da wasu. Kuma Abdulbasit ya ce wanda aka zaɓa shi ke nan, don a kansa za a rubuta katuna wajen ɗari biyu.

Ya ce, “Ni a ganina a sa ɗari. Da biyar, mutum arba'in duk huɗu gare su, ba ka san wanda ya fi ba. Da ɗari kuwa za ka ga wannan saba'in da uku, wannan saba'in da takwas. Ko malaman hadisi ba sa tara masu ruwaya a kwando ɗaya, daraja-daraja suke yi musu.”

Ban nuna komai a fuska ba. Lamba biyu a manne, jere biyar a kati ɗaya, ƙanana, da idon nan nawa. In aka sa ɗari, an sallame ni ke nan ba tare da an ce in tashi ba. Sai dai in riƙa miƙa kati ina cewa a karanta mini, a gaban mutanen da na ci sau biyu.

Na ce, “Malam, ka taɓa ganin raƙumi saba'in da uku?”

Aka yi dariya. Na ce, “Allah Ya ba mu yatsu goma. A sa goma. Abin da goma ba ta faɗa ba, ido ya faɗa. In injin zai tauna maka komai, me ya rage wa mai ƙungiya?”

Ya ce, “Gaskiya ne, Baba, amma ba kowa ke da idonka ba.”

“To wanda ba shi da shi ya je ya nemo.”

Aka rabu biyu. Masu tabarau suka bi ɗari, mu uku muka tsaya a goma, Hasan ya leƙo da dutsen guga a hannu ya ce shi dai a bar biyar, salloli ma biyar ne. Duk aka zuba wa Ya'ƙub ido, tunda injinsa ne. Ni na san zai bi ni. Shekara sittin.

Bai ko dube ni ba. Ya karkata wajen Abdulbasit ya nuna wani abu a injin, suka yi ƙus-ƙus da Turanci. Sannan ya ɗago ya ce, “Ba ɗari, ba goma. Biyu zuwa takwas.”

Na ce, “Biyu zuwa me? Ya zol, kai mutumin nan, wane irin mudu ne ba gindi ba baki? Ina ɗaya ta tafi? Wa ya cinye tara?”

Ya ce, “Na masu wasan ne na asali. Biyar ce tsakiya, mutum kamar kowa. Uku sama, uku ƙasa. Takwas ba a wuce ta. Khalas.”

Abdulbasit ya hau gyaɗa kai, wai ai shi ne ashirin zuwa tamanin da masu farautar 'yan wasa ke aiki da shi a Amurka, an dai cire sifiri ne, wai Usta ya yi hikima. Kin ji. Ni na kawo goma an yar, su biyu sun ƙulla nasu da harshen da ba na ji, kuma har an samu mai kirari.

Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Amma sabon tsarin ya zo da wani abu. Injin ya ce kowane mai ƙungiya ma sai an ba shi maki ɗaya, na ido, wato iya gane ɗan wasa tun bai nuna kansa ba. Mai babban maki, injin zai riƙa gaya masa gaskiyar yaran da ke tasowa, mai ƙarami kuwa a riƙa ba shi labari da ƙura a ciki. Aka ce Ya'ƙub ya raba, shi ya san kowa. Ya ɗauki katuna takwas, kowanne suna da lamba ɗaya ƙatuwa, ya rubuta yana karewa da hannu, sannan ya bi mu ɗaya-ɗaya yana turo wa kowa nasa a kan tebur.

Na ga zobe, na ga zobe, biyar-biyar ke nan. Nawa ya iso gabana. Baki a sama. Bakwai. Na ce to, ba laifi, wataƙila ba ya ba kowa takwas. Sai na ɗaga ido na hango na gaban Abdulbasit a can gefensu. Jinka. Takwas.

Mardiya, ajiye alƙalamin ki ba ni ruwa.

To. Mutumin da bai taɓa ɗaga leɓen akuya ba. Wata bakwai da zuwansa. A ido, ba a karatu ba, ba a Turanci ba, a ido, abu ɗaya da na tsira da shi wanda Ya'ƙub bai karɓe ba. Kuma Abdulbasit ya leƙo katina ya washe baki ya ce, “Masha Allah, Baba Ishaq, ka ga naka? Wallahi ya dace da kai.”

Na ce, “Na gani.” Na sa katin a aljihu, na ce gwiwa ta tashi, na fita. Ya'ƙub ya ce, “Sai Juma'a ke nan.” Na wuce abina.

Wata bakwai ban taka bayan shagon nan ba. In zan je masallaci sai in bi ta layin masu kifi, da nisa da wari, don kar in wuce ƙofar. Ya aiko, na ce ina barci. Ya zo da kansa sau biyu, ke kika buɗe masa, kin tuna, na ce ki ce na tafi Giza. Ya zauna a falo ya sha shayi yana kallon takalmana a bakin ƙofa, ya tashi ya tafi. Da azumi muka haɗu a sahu, muka yi musafaha kamar surukai. Ranar Talata da Juma'a kuwa in la'asar ta yi, sai in rasa inda zan sa kaina. In zaro katin in duba, ko ya canza. Har gefensa ya yi laushi. In ce a raina, shekara sittin yana aunani ashe, yau ya faɗi abin da mudunsa ya nuna.

Bayan Babbar Sallah da kwana uku, da hantsi, ina layin burodi, sai na ji an ja mini hannun riga. Bakhita ce, da kwandonta.

Ta ce, “Hajj Ishaq, naman da na aiko an dawo mini da shi. Mutuwa aka yi ban ji ba?”

Na ce, “Haƙorana ne.”

“Haƙoranka ƙalau, na ga kana tauna rake shekaranjiya. Mutumin nan ya rame. Duk Talata shi ke jera maka Raƙumanka da hannunsa, ya hana a ba kowa, sun sha kashi har sun gaji. Me ya yi maka?”

Na ce ba komai. Ta ce to ba za ta matsa ba, kuma layi na bayanta. Kin san Bakhita. Sai na zaro katin na miƙa mata na ce, “Tambayi mijinki. Ni bakwai, ɗan jiya takwas.”

Ta karɓa ta duba. Ita ma ba boko gare ta ba. Sai ta juya bayan katin, inda hoton kwalin yake, ta tsaya, ta dube ni, ta sake duban katin.

Ta ce, “Ishaq, shayinka zubewa yake.”

“Wane shayi?”

“Ni ke yanka katunan nan. Kowanne da kofi a bayansa, kuma ba ya rubutu sai kofin na tsaye. Dubi naka.”

Na duba. Kofin a kife, tururi na yin ƙasa. Ta juya shi ya miƙe, ta sake nuna mini gaban. Rubutun da nake zaton a ƙasa yake ya koma sama. Ƙahon ya zama jinka.

Daga can gefen tebur ya turo mini shi bai juya ba, kin gane, yadda ya saba miƙo mini kati ina damansa. Ni kuwa ina zaune inda ban taɓa zama ba, komai nasu a kife nake gani. Takwas ɗina ta zama bakwai, bakwai ɗin Abdulbasit ta zama takwas. Da kati ne na ɗan wasa mai lambobi har biyar a jere da na gane, don uku ba ta tsayuwa da ka. Amma lamba ɗaya ce tilo, da suna da boko.

Bakhita ta yi dariya har ta dafa bango, matan layi na tambaya lafiya. Ni ban yi ba. Na ce, “To ko da haka ne. Na ce goma a gaban mutane, ya yar da maganata ya ɗauki ta yaron.”

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Ta yaron ɗari ce, ka manta? Ranar ya dawo gida na tambaye shi, ya ce goma tana da ɗigo.”

Nan na tuna da asibitin ido.

Yanzu sai in faɗi na asibitin. An ba ni lambar layi, na ga sanda, na ce ni ne na ɗaya, na tsaya a ƙofar likita ina rigima da wata tsohuwa Bamisira har ta kira ni da sunan da ba zan maimaita ba. Ashe goma ce. Sifirin Larabci ɗigo ne, ɗan mitsitsi, ban gan shi ba. Ya'ƙub ya ja ni gefe ya ba ta haƙuri, kuma bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Ashe abin nan ne ya riƙe a ransa. Ya san in aka sa goma, gwanin gwanaye zai zo hannuna in ɗauka na banza ne in yar, a gaban kowa. Ya bi mudun injin ɗaya-ɗaya yana neman wanda ya fi biyar faɗi don masu tabarau su yi shiru, kuma babu lamba biyu a manne, babu ɗigo. Abin da yake tambayar Abdulbasit da Turanci ke nan, don kar in ji.

Kina zaton daɗi na ji? Haushi na ji, sabo fil. Ni na yi wata bakwai ina dafa masa baƙar magana, shi yana can yana jera mini Raƙuma. Ko a wannan ma sai da ya fi ni.

Talata na tafi. Na shiga ana tsakiyar wasa, Ya'ƙub na cewa wane ya make ta ta haye katanga. Ya gan ni, bai tsaya ba sai da ya kai mutumin gida. Sannan ya ce, “Gwiwar ta sauka?”

Na ce, “Ta sauka.”

“Doguwar gwiwa. Raƙumanka na ƙarshe a tebur. Mai jefa maka ƙwallo ya tsufa, na rasa wanda zan sa.”

“Don ba ka da ido.”

“Shi ya sa na ba ka takwas.”

Ashe Bakhita ta riga ta faɗa, don Hasan na can yana guga kafaɗunsa na rawa. Na ce a nuna mini a injin, ban yarda da kwali ba. Abdulbasit ya juyo shi ya sa yatsa. Takwas ɗin Turawa ƙwai biyu ne, ɗaya kan ɗaya, ko ka kife ta tana nan takwas. Na ce wannan ce lambar masu hankali. Ya miƙe zai ba ni kujera, yana ma'alish Baba, yi haƙuri, ma'alish, wai shi tun ranar yake tunanin me ya faɗa. Ya'ƙub ya ƙwala wa Hasan kira ya ce ya ɗauke kwandon nan nasa. Aka ɗauke, aka sa wa Abdulbasit kujera a hagu. Kwando ne kawai, Mardiya. Wata bakwai, kwando.

Na zauna a dama. Na ce, “Kai nawa ka ba kanka?”

Ya zaro nasa. Zobe. Biyar, mutum kamar kowa, wadda ko ta ina ka dube ta ɗaya ce. Mutane suka hau cewa kai Usta akwai tawali'u. Na ce ai don a faɗi haka ya yi.

Shekara biyu ke nan. Raƙuma sun sake cin buta sau ɗaya, Abdulbasit ya ci sau ɗaya, ba zan ɓoye ba, yaron ya fara tambayar shekarun ɗan wasa kafin ya ɗauka, kuma kin san a wurin wa ya gani. Yanzu Muhammadu ya gama wa iyayensa takardu. Wai har ya tanadi wurin zama a filin wasa, Ya'ƙub zai ga ƙwallon kulki da idonsa, mutane na gaske, ciyawa ta gaske. Ni da na ci kofi uku zan zauna a Ainu Shams ina kallon kwalin shayi.

Ya raba kayansa makon jiya. Injin ya bar wa Abdulbasit, ni ya ba ni akwatin katuna. Ki rubuta haka, shi inji, ni kwali. Amma ya tara mu ya ce sharaɗi biyu ne: mudu ba ya canzawa daga biyu zuwa takwas, kujerar dama kuma tawa ce muddin ina iya saukowa bene. Abdulbasit ya ce ya ɗauka amana. Zan zauna, ba don sharaɗinsa ba, don Raƙuma na da yara biyu masu tasowa da ba wanda ya lura da su sai ni.

Dattawan sun ce in rufe da faɗin wane irin mutum ne. Direba ne mai kyau, bai taɓa buge ko kyanwa ba. Ya riƙe Bakhita da mutunci. Sauran kuwa, tunda shi ya auna ni, ni ma zan auna shi da mudunsa. Ɗauko wata takardar, farar, ba wannan ba. Kar ki sa suna, kar ki sa komai a gefe. Zana bakwai a tsakiya, ƙatuwa, da lambar Larabci. Ki ninke ki ba Bakhita ta sa masa a aljihun farar rigar, kar ya buɗe sai jirgi ya tashi. Ya riƙe ta yadda ya ga dama.